Injin Ɗumin da Na Kafa wa Mai Jego

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan 'yata ta fari ba, ko da na so in manta ma dangin matata ba za su bari ba. A shekarun 1970 ne, ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata a Kaduna, muna haya a Kawo, ciki da falo. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Ina da keke sabo, ina da agogon hannu, kuma na yi imani duk abin da aka saba yi a gidajenmu ƙauyanci ne sai an gyara shi.

Matata Hadiza 'yar Katsina ce. Da cikinta ya tsufa, mahaifiyarta, wadda muke kira Inna, ta aiko cewa a kai ta gida ta haihu ta yi wankan jego, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari. Ni kuwa na ƙi. Gaskiyar magana ba na son rabuwa da ita ne, ko na kwana biyu, amma wa zai iya faɗin haka a wancan zamanin? Sai na fake da asibiti. Aka yi ta kai da komowa, daga ƙarshe Inna ta yarda za ta zo Kaduna da kanta, bisa sharaɗi ɗaya: za ta zauna zuwa ranar suna ta ga kamun ludayina. In ɗakin mai jego bai samu ɗumin da ya kamata ba, ga shi ana tsakiyar sanyi, to za ta kwashe 'yarta da jikarta su tafi.

Ana cikin haka wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya fito da kayansa yana sayarwa. A ciki akwai wani inji kamar akwatin ƙarfe, irin iyakwandishan ɗin da ake sa wa a taga. Ya ce mini wannan ba irin na kowa ba ne, in ka murɗa maɓallin zuwa shuɗi ya ba ka sanyi, in ka murɗa zuwa ja ya ba ka ɗumi. Ya fara yi mini wani dogon bayani yana nuna gaba yana nuna baya, ni kuma ina ta gyaɗa kai (ban fahimci komai ba, hankalina yana can wajen yadda fuskar Inna za ta zama in ta gani). Na saya, na ɗauko shi a amalanke har gida.

Maƙwabcina Malam Bitrus mai gyaran firji ne, shi ya kamata ya kafa mini. To ya tafi garinsu Kafanchan bikin Kirsimeti. Matarsa, Maman Saratu, ta ce, "Maƙwabci, ka jira shi mana, sati biyu ne kawai." Na ce haba, akwati ne fa za a zura a taga, ai ba sai an kira likita ba.

A nan ne basirata ta motsa. Na tuna cewa da zarar Inna ta sauka, ni da ɗakin nan sai kallo daga nesa, don ba a haɗa kafaɗa da suruka a ɗaki guda, balle ɗakin mai jego. To wa zai riƙa murɗa maɓallin? Mata ba su san kan inji ba (haka na ce a raina, Allah Ya yafe mini). Saboda haka na juya shi, fuskarsa mai maɓallai tana kallon baranda inda nake zama, bayansa yana cikin ɗaki. Na ja da baya na dube shi, na ji tausayin Baturen da bai taɓa yin wannan tunanin ba.

Hadiza ta haihu lafiya, Inna ta iso da ƙullin kanwa da wani tsohon kaskon garwashi. Kwana shida kaskon ne ke aiki, saboda mai haɗa waya bai zo ya sa mini soket ɗin da zai ɗauki injin ba sai ana gobe suna.

Ranar suna, bayan sallar asuba, sanyi har cikin ƙashi. Maza suka cika baranda da ƙofar gida a kan tabarmi, ga liman, ga abokan aikina, ga baffannin Hadiza da suka zo daga Katsina. Mata kuma suna ciki. Na kira Maman Saratu na ce ta fito mini da kaskon nan. Ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?" Na ce ta fito da shi kawai, zamaninsa ya wuce. Ta kawo shi ta ajiye a tsakar gida. Ni kuma na gyara babbar rigata, na yi bismilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, na murɗa maɓallin zuwa ja.

Injin ya yi gurnani, can sai ga iska mai ɗumi tana bugun fuskata. Jama'a suka ɗauki salati. Liman ya jawo buzunsa ya matso, ya miƙa tafin hannuwansa yana cewa, "Ikon Allah! Wuta ba hayaƙi." Ni kuwa na buɗe lacca. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan da kuke ji ai ragowa ce. In waje ya yi haka, ku ƙiyasta yadda ciki yake." Aka raɗa suna, aka yi addu'a, aka raba goro, ina ta bayani a kan illar hayaƙi ga jarirai. Kusan awa guda babu wanda ya tashi, har masu cewa suna sauri.

Daga ciki kuwa shiru. Na ɗauka daɗi ne ya kashe musu baki. Ashe Hadiza ba za ta iya kushe aikin mijinta a gaban uwarta ba, Inna ba za ta aika wa suruki ƙorafi a gaban baƙi ba, sauran matan kuma an ce musu abin Turawa ne, sai ya ɗan jima yake kankama.

Sai ga Malam Bitrus, saukarsa ke nan daga mota, ya shigo yi mini barka. Ya miƙo hannu, idonsa ya sauka a kan tagar, hannun ya tsaya a iska.

"Maƙwabci, waye a bayan wannan abin?"

Na ce, "Mai jego mana."

Ya ce, "Kashe! Kashe shi yanzu! Wannan inji ba ya ƙirƙirar zafi, ɗebo shi yake daga baya ya zubo a gaba. Duk ɗumin da kuke sha a nan, daga ɗakin can ya kwaso shi. Firji ka sa su!"

Kafin in kai hannu, ƙofar falo ta buɗe. Mata suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, wata a cikin bargo, wata ta naɗe da labulen ƙofa, wata gwaggo ta yafa mayafin teburina mai hoton furanni. Sannan Hadiza, leɓenta yana rawa. A ƙarshe Inna, hannunta a ƙirji, ban ga jaririya ba. Wallahi a wannan lokacin kunya ba ta zo mini ba tukuna, tsoro ne ya fara zuwa. Sai na ga ɗan motsi a cikin rigarta. Ashe tun da sanyin ya fara ta cusa yarinyar a jikinta ta rufe da zane uku.

Inna ta nufo baranda, maza suka dare, liman ya ja buzunsa ya ba da wuri. Ta zaunar da Hadiza daidai bakin injin, inda na sha ɗumi awa guda. Ba ta kalle ni ba. Maman Saratu ta kalla ta ce, "Ki ce ma mai gidan nan mun gode. Ɗakin nashi ya yi kyau, in an yanka ragon a aje naman a cikinshi, ba ya lalacewa. Mu kau gobe in Allah Ya kai mu muna bin motar Katsina."

Wani daga cikin abokan aikina ya yi tari, irin tarin da ba tari ba. Daga nan kowa ya fashe.

Washegari ni na raka su tashar Kawo, ni na riƙo kaskon, yana shafa mini baƙi a riga. Hadiza ta leƙo ta tagar mota, tana son yin dariya tana son yin kuka, ni ma haka. Kwana arba'in aka ce, sai da suka yi wata huɗu. 'Yar da na yi duk wannan don kada ta yi nisa da ni, ban sake ganinta ba sai da ta fara koyon zama. Malam Bitrus ya juya injin cikin minti goma, ya yi aiki lafiya lau, na yi ta shan ɗumi ni kaɗai a ɗakin da babu kowa.

Har Inna ta bar duniya ba ta kira ni da wani suna ba sai Injiniya. Ni kuma tun daga ranar, duk lokacin da na ji daɗi ya yi mini yawa a inda nake zaune, kafin in buɗe baki in yi alfahari, nakan tashi in zaga bayan bango in ga wa ke rawar ɗari.