Ranar da Istifanus Ya Yi Mini Tafinta

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na taso takanas daga Manchester zuwa Birmingham don in rage wa aminina tsawo a bainar jama'a, na dawo gida ni ne gajere. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin bas nake sai na runtse ido na ce "kash" da ƙarfi, har na kusa da ni ya gyara zama.

Bari in fara da kaina, tunda ni ne mai laifin. Karatun digiri na uku ya kawo ni ƙasar nan, kuma abin da nake bincike a kai shi ne kujerar magajin garin Landan. Shekara huɗu ina abu ɗaya. Ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka cewa a shekarar 2000 aka ƙirƙiri kujerar, kuma duk bayan shekara huɗu mutanen birnin ke zaɓe da ƙuri'unsu. Zan gaya maka wanda ya fara hawa jam'iyyarsa ta hana shi tikiti, ya tsaya da ƙafarsa ya kuma lashe. Zan lissafo maka cewa bas-bas da jiragen ƙarƙashin ƙasa suna hannun mai kujerar, yana da ta cewa a kan 'yan sanda da gina gidaje, in ƙara maka da zaɓen da annobar korona ta sa aka ɗage shekara guda, ko ba ka tambaya ba. (Maiɗakina ta taɓa cewa da magajin garin Landan ya san yadda ake ambatonsa a gidanmu na unguwar Levenshulme a Manchester, da ya aiko mana da barka da sallah.) Abin da ba na faɗa wa kowa shi ne, duk wannan sanin, ban taɓa ganin magajin gari ido da ido ba. A takarda kawai na san su.

Shi kuwa Istifanus ajinmu ɗaya a sakandare a Zariya, gadonsa a sama nawa a ƙasa har shekara uku. Ni nake koya masa lissafi, shi yake tare mini faɗa. Ya riga ni zuwa Ingila, yana zaune a unguwar Perry Barr ta Birmingham da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, aikinsa tuƙin bas. Ranar da na sauka ƙasar nan shi ya tarbe ni a filin jirgi, da rigar sanyi a hannu, don ya san da 'yar shara zan zo. Duk Asabar kuma shi da wasu mutane suna raba abinci ga marasa hali a zauren cocinsu da ke unguwar Aston, ba ruwansu da addininka ko launin fatarka. Na san da wannan. Nakan ma ce masa "Allah Ya ba da lada", irin faɗar da mutum ke yi idonsa na kan waya.

Wata safiya sai guruf ɗin 'yan ajinmu na waya ya ɗauki zafi. Na buɗe, sai ga hoton Istifanus cikin kwat, riƙe da takardar yabo, kafaɗa da kafaɗa da wani dattijo mai ƙatuwar sarƙar zinariya a ƙirji, wato magajin garin Birmingham. An karrama shi saboda rabon abincin nan. 'Yan ajinmu na gida suka yi ta zuba kirari. Wani ya ce Isti ya zama na hannun daman gwamnan Birmingham. Wani ya ce daga yau Ranka ya daɗe za a riƙa ce masa. Sai wani ɗan neman magana ya rubuta, "Dakta, kai da kake karatun su, ina naka hoton?"

Shayin da ke gabana ya huce ban sha ba.

"Ka yi masa barka?" in ji maiɗakina.

"Na ɗaga masa babban yatsa a guruf."

"Yatsa," ta ce, ta dube ni sama da ƙasa. "Mutumin da ya kawo maka jacket har airport, yatsa."

Na ce mata ba ta gane ba ne. Na zaunar da ita na yi mata bayani cewa magajin gari iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai na ƙuri'a, irin na Landan, mai iko da kasafi. Akwai kuma na sarƙa, wanda kansiloli ke ɗauka daga cikinsu ya yi shekara guda yana yanka kintinkiri yana shan shayi da tsofaffi, ya sauka a rataya wa wani. Na ce abin da ke damuna shi ne yadda jama'armu ke cikin duhu, kuma hakki ne a kan mai ilimi ya wayar da kai. Ta ce to, ta tashi ta bar ni da hakkina. Ni da kaina na san sunan abin da ke cina. Kishi ne tsagwaronsa, na sa masa rigar malamai.

Bayan kwana biyu Istifanus ya kira ni, muryarsa fal murna. Ya ce mutanen coci za su yi masa 'yar liyafar godiya ranar Asabar da rana, kuma dattijon mai sarƙa ya yi alkawarin leƙowa.

"Dakta, kai za ka yi magana a madadin friends," ya ce. "Duk UK ɗin nan ba wanda ya san ni kamarka. Five minutes kawai, please."

Na ce masa ba komai, ai dole. Ya yi ta godiya. Ni kuwa ina ajiye waya na jawo takarda da biro, na tsara jawabi mai gaɓa uku kamar zan kare kundin digirina.

Zauren ya cika. Ga iyalan coci cikin atamfa, ga ɗaliban jami'a Musulmi 'yan uwana da hulunansu, ga Turawa da sauran maƙwabta masu taya rabon abinci. Ƙamshin masa da miyar taushe ya cika ko'ina. Muna shiga ni da maiɗakina, 'yan matan Istifanus suka sheƙo da gudu suka rungume ni, suna "Uncle Dakta! Uncle Dakta!" da irin Turancin nan na Birmingham mai jan baki. A nan aka haife su, Hausarsu ba ta wuce "zo", "ci" da "bari" ba, amma duk zuwana sai sun nuna mini littattafan makarantarsu, don ubansu ya gaya musu ba wanda ya kai ni ilimi.

Can sai ga mai sarƙa. Na so a ce mai girman kai ne, da na sami abin kamawa. Sai ya zamana ɗan dattijo ne mai fara'a, yana dogara sanda, ya bi teburi-teburi yana gaisawa, ya ci masa uku ya nemi ƙari. Aka zaunar da shi a gaba, Istifanus a damansa, sai ɗaukar hoto ake yi. Kowane ƙyallin kyamara a ƙirjina yake sauka.

Da aka kira ni na miƙe na gyara babbar riga. Dabarata mai sauƙi ce: in yi magana da Hausa, mai sarƙa da Turawa su yi ta murmushi ba su san me ake ciki ba, mutanenmu kuwa su gane cewa abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Na gaida baƙi da Turanci a taƙaice, sannan na ce, "Sauran maganar ta gida ce, da harshen gida zan yi ta."

Abin da na manta shi ne a zauren coci nake. Su a wajensu ba a magana a gaban taro a bar wani a duhu. Mai wa'azi ya faɗi jimla, tafinta ya juya ta, haka suke yi duk Lahadi. Kuma ashe tafintan cocin ba wani ba ne, Istifanus ne. Kafin in ja numfashi ya taso ya ɗauki makirufo na biyu ya tsaya a gefena.

"Faɗi, Dakta, in juya," ya ce yana murmushi.

Nan ne mai hankali zai ninke takardarsa ya ce Allah Ya sanya alheri ya zauna. Ni sai na ce a raina, ai ma gara, ya faɗa da bakinsa. (Ku daina tambayata me nake tunani a lokacin. Ni ma na tambayi kaina, ban sami amsa ba.)

Na ce, "Jama'a, ya kamata mu san bambanci. Wannan sarƙar da kuke gani ta aro ce. Baɗi war haka an cire an rataya wa wani."

Istifanus bai ko ƙifta ido ba. Ya juya ga baƙi ya ce da Turanci, ɗan'uwana yana cewa sarƙa tana tashi daga wuya zuwa wuya, amma hidimar da aka yi wa jama'a ba ta tashi. Mai sarƙa ya gyaɗa kai. Turawa suka tafa.

Ɓangaren masu jin Hausa kuwa ya yi tsit. Kusan kowa a cikinsu yana jin harsunan biyu, sun ji abin da ya fita daga bakina, sun ji abin da ya fita daga nasa. Na ga wani ɗalibi ya tsaya da cokali a hanyar baki.

Maimakon in farga sai na ƙara wuta. Na ce, "Magajin gari na gaskiya shi ne irin na Landan, wanda jama'a suka fito suka zaɓa, bas da jirgi da 'yan sanda duk yana da ta cewa a kansu. Wannan kuwa ko fitilar titi ba zai iya sa a gyara shi kaɗai ba."

Istifanus ya ce, ɗan'uwana masani ne a kan magajin garin Landan, ya shekara huɗu yana nazarin masu iko, kuma yana cewa akwai girman da ba iko ke kawo shi ba, irin na wanda zai bar gidansa ranar hutu ya zo ya ci abinci tare da mu. Dattijon ya dafa ƙirji, daidai kan sarƙar. Wata tsohuwa a layi na biyu ta ce da ƙarfi, "Allah Ya yi maka albarka, Istifanus." Ba ta ce Allah Ya yi mana ba. Na nemi fuskar maiɗakina, na tarar ta sunkuya tana binciken jakarta kamar ta yar da allura a ciki.

Saura gaɓa ta uku, wadda na fi ji da ita, inda zan ce takardar yabo irin wannan ba wani abin ɗaga kai ba ce, ko mai share titi yana iya samu. Na duba takardata, na duba Istifanus. Yana tsaye, makirufo a bakinsa, kansa a ɗan karkace wajena yana jira, a shirye yake ya wanke duk abin da zan jefo. Murmushin yana nan, amma na san mutumin nan tun muna yara, na ga jijiyar gefen wuyansa tana harbawa.

"Ci gaba, Dakta," ya ce a hankali. "Ina jinka."

Na ninke takardata. Da ƙyar na ce, "Shi ke nan."

Ya juya ga baƙi ya ce, "His heart is too full." Wato zuciyata ta cika, na kasa magana. Duk fassarar da ya yi ranar, wannan ce kaɗai ta gaskiya, sai dai bai faɗi abin da ta cika da shi ba.

Mai sarƙa ya dogara sandarsa ya taso har inda nake. Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya ce ya halarci taruka da yawa a shekarar nan amma bai ji aboki ya yi wa aboki shaida irin wannan ba. Ya ce Istifanus ya yi sa'ar samuna. Ina tsaye ina yaƙe, ina cewa na gode, a gaban cikakken zaure na mutanen da suka ji komai. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da ko takalmi ba zan tsaya cirewa ba.

Ban iya cin komai ba. Da la'asar, bayan jama'a sun ragu, na same shi a bayan zaure shi kaɗai yana jera kujeru. Na ɗauki kujera ɗaya na ɗora a kan tasa, na ɗauki ta biyu. Sai a ta huɗu na iya magana.

"Isti, ban san abin da ya hau kaina ba."

"Na sani ni," ya ce, bai daina aikinsa ba. "Kuma duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Ka ɗauka ban san one year yake yi ba? Ni direban bas ne, Dakta, ba jahili ba."

Na ce to ya yafe mini, kuma na gode da ya rufa wa dattijon asiri, da bai bari ya ji kunya ba.

Sai a lokacin ya ajiye kujerar ya dube ni. "Ba don shi na yi ba. Shi gobe ya manta da mu. 'Ya'yana suna zaune a front row, kuma Turanci kaɗai suke ji. Ni zan iya jin abin da ka faɗa in haɗiye, mun daɗe tare ni da kai. Su ban shirya su rasa Uncle ɗinsu yau ba."

Sai da jirgin ƙasa ya tsaya a Manchester maiɗakina ta ce, "Dakta, an wayar da kan jama'a?"

Na gama digirin, har yanzu kuma ina iya ba ka tarihin zaɓen magajin garin Landan ba tare da duba takarda ba. Amma darasin da ya fi zauna mini a zauren Aston na koye shi. Ba kullum mutum ke dace da tafinta mai ƙaunarsa ba. Shi ya sa yanzu, idan na ji alherin wani ya fara yi mini zafi a ƙirji, nakan yi shiru, da Hausa da Turanci.