Yadda Ake Burge Suruka da Shuɗin Fure

Ke da kika yi shekara da shekaru a dangin miji ba a taɓa ba ki aikin da ya wuce yanka albasa ba, matso kusa. Surukarki za ta yi walimar ritayar maigidanta, bakinki kuma ya riga ya ja miki: kin ce kin iya kwalliyar fure, ta ce to bismilla. Yau ko ki samu shiga, ko ki koma wa albasa har abada. Bi matakan nan, ni na tsaya miki, ba za a manta da ke ba.

1. Sanar da launin bana

Ban da "ina ganin". Duba waya, ki ɗan yamutsa fuska, ki ce, "Mama, ai bana shuɗi ake yayi, masana sun yanke." Ba mai tambayar su wane ne masanan, kowa na tsoron a ce bai waye ba. In ƙanwar mijinki, uwar tsiwa, ta ce, "Anti, ba bara kika ce ruwan hoda ba?" dube ta da tausayi, ki ce, "Bara ke nan."

2. Je wurin mai fure

Zai ce shuɗin fure na gaske wuya gare shi, sai an aiko da shi, kuma ba zai iso ba sai an wanke tukwanen walima. Kada gabanki ya faɗi. Kwashi farare, ki biya kanti ki sayi bular wanki. Da babu gara ba daɗi.

3. Rini

Masu wannan sana'a tsoma karan furen suke yi a ruwan launi, furen ya sha a hankali. Wannan aikin masu haƙuri ne, ke kuwa baƙi suna hanya. Dama bula da kauri, zuba a kwalbar feshi, ki feshe su tas. Bi da turare don kashe warin.

4. Jera, ki ja baya

Dogaye a tsakiya, gajeru a gefe. Duk wanda ya yaba, ki ce, "Ai ɗan abin da aka iya ne." Ki ɓoye farcenki.

5. In Mama ta sunsuna

Za ta sunsuna, wallahi. Za ta ce, "Kai, 'yar nan, har da ƙamshi!" ta cusa hanci, ta ɗago da shi shuɗi shar, ga mai hoto yana kiran a taru. Ba a gaya wa suruka launin hancinta a gaban baƙi. Ɗauki tulun furen ki nufi mai ritaya: "Baba, kai ma ji ƙamshin nan." Zaga da shi dangi kaf, sannan ki cusa naki hancin. Ƙanwar miji za ta ƙi. Ƙyale ta, ita kaɗai za ta fita daban a hoto.

6. In ta kira ki kicin

Je ki, ba a gudu. Za ki same ta tana goge hanci da tsumma. Za ta ce, "'Yata, ni da na tsufa ina wanki, warin bula zai ɓace mini? Tun daga ƙofa na ji shi. Na ga waccan uwar tsiwar ta shirya miki dariya, na ce in za a yi, a fara da ni."

Kada ki kawo zancen masana a nan. Ki durƙusa kawai.

Hattara

Mai wannan shawara ba ta ɗauki alhakin hancin kowa ba, ko farar rigar Baba, ko hawayen da za su zubo miki a kicin ɗin nan. In kika share su da hannun da kika yi rini, ke kika sani.