Ranar da na ba libarba shekara ɗari

Ko da zan manta ranar da na sauka Jidda, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na je gaida mahaifin Sumayya a unguwar Ammariyya ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Aikina shi ne in karɓi kwali, in manna masa koriyar takardar sitonmu, in sa hannu da jan biro, in tura gaba. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Abin da takarda ta ce yana ciki, shi ke ciki. Sumayya kuwa 'yar Hausawan Sudan ce, a Jidda aka haife ta, kuma mahaifinta, Haj Usman, bai ce e ba, bai ce a'a ba a kan maganar aurenmu. Cewa kawai ya yi in zo ya gan ni. Kafin in je ta ja mini kunne: "Babana ba ya son mai cika baki. Ka sha gahawarka, abin da aka tambaye ka shi za ka amsa." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni da ko a makaranta ba a san muryata ba (ƙarya ce, an sani).

Na tarar da shi a falo tare da ƙannensa biyu. Aka gaisa, aka zuba gahawa, aka tambayi iƙamata, wato takardar zama, da kafilina mai tsaya mini a ƙasar, da mutanen gida. Da na faɗi aikina sai ɗaya daga cikin ƙannen ya ce, "Kwalaye dai?" Bai faɗa da wulaƙanci ba, amma ta sosa mini rai. Nan take na ƙudurta sai na nuna musu cewa kaina ya wuce kwali.

Sai idona ya faɗa kan kabat ɗin gilashi. Can tsakanin kofunan shayi ga wata libarba, irin ƙaramar bindigar nan mai gangar harsashi da ke juyawa, baƙa, mariƙinta na katako. Haj Usman ya ga inda nake kallo, ya ce, "Ka san bindiga ne, ya waladi?"

Amsar gaskiya kalma uku ce: ban sani ba. Iyakar ilimina shi ne kawuna ɗan sanda ne a Gusau, ya taɓa ba ni kuben bindigarsa in riƙe (babu bindigar a ciki), sai kuma wasu bidiyoyi da na kalla a waya lokacin hutun cin abinci. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Kaɗan-kaɗan, Baba. A gidan muka taso."

Ya ɗauko ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, na jinjina nauyinta, na gyaɗa kai kamar likita. Na nuna musu lambar da ke ƙarƙashin mariƙi, na ce ta yi daidai da ta jikin ganga, wato ba a taɓa canza mata komai ba. Na nuna inda baƙin ƙarfen ya koɗe a baki, na ce shekaru ne na shiga kube da fita. Na shafa katakon, na ce gumin hannu ne ya dafar da shi haka. Har kusoshi sai da na yi wa sharhi. Daga ƙarshe, don in cika aiki, na kai bakin bindigar hancina na shinshina, na ce, "Kun ji? Har yanzu da sauran warin albarushi."

Ƙanin nan mai maganar kwali ya ce, "Masha Allah, khabir!" Wato gwani. Ban lura yana cizon leɓe ba, sai na ƙara gyara zama. Na yanke hukunci cewa ta haura shekara ɗari, irin ta hafsoshin Turawa ce na zamanin da suke Sudan. Na ma ba dattijon shawara ya nemi takardar izini, ya kuma daina ajiye ta inda kowa zai gani.

Ya ce, "Wato asaliyya ce? Ba jabu ba?"

Na dafa ƙirji. "Baba, jabu ba ya irin wannan tsufan. In wannan ba ta asali ba ce, kada ka ƙara yarda da maganata."

Ban rufe baki ba aka ɗaga labule, mahaifiyar Sumayya ta turo kaskon turare. A gidajensu in turare ya fito, baƙo ya san an kusa sallama. Ta ce daga bayan labulen, "Ya Haj, gawayin ya ƙi kamawa. Ina walla'ar nan?"

Haj Usman ya miƙo hannu a hankali, ya zare libarbar daga hannuna, ya saita gawayi, ya ja kunama. Ƙyas! Sai ga 'yar shuɗiyar wuta ta fito daga bakin da na gama shinshinawa. Abin kunna wuta ne. Warin albarushin nan nawa, gas ne.

Na so ƙasa ta tsage. Amma dattijon bai gama da ni ba. Ya buɗe ƙasan kabat ya ce, "Bara na saye ta a kasuwar gwanjo. Ga kwalinta ma, ban yar ba." Ya ajiye a gabana. Ga koriyar takardar sitonmu a kusurwa, a karkace kamar yadda na saba mannawa, ga sa hannuna da jan biro. Ta hannuna bindigar hafsoshin Turawa ta shigo ƙasar.

Ƙannensa suka yi dariya har ɗaya ya shiga tari. Ni kuwa Sumayya kawai nake tunani, da yadda na sayar da ita a kan abin kunna gawayi. Da ƙyar na ɗago kai na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wallahi ban san komai a kan bindiga ba. Kunyar aikina na ji."

Ya daɗe yana fifita turaren da hannu. Sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Ka ce kada in ƙara yarda da maganarka, amma wannan ta ƙarshen asaliyya ce. Yalla, ka turo manyanka."

Ranar da aka kawo amarya gidanmu a unguwar Safa, cikin kayanta har da libarbar, a kwalinta. Dangin matata har gobe Khabir suke kirana, yaransu ma sun ɗauka sunana ne. Abin da na koya shi ne "ban sani ba" ba ta taɓa ƙona hancin kowa ba. Yanzu in baƙo ya gan ta a falonmu ya tambayi shekarunta, sai in ce ban sani ba, amma in yana da gawayi ya kawo.