Rasuwar Wayar Da Ke Sa Ƙaguwa Rawa

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Isikeli Naivalu na tsibirin Kadavu yake sanar da 'yan'uwa da masunta rasuwar wayarsa, wadda ta cika ranar Talata a aljihun rigarsa, yana tsaka da waƙa a coci.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, kuma batirinta bai taɓa kaiwa azahar ba. Amma ita ce ta ƙarshe a duk tsibirin da ke ɗauke da tsohuwar manhajar nan mai kunna hotuna masu motsi, wadda masu ita suka yi watsi da ita tuntuni, sababbin wayoyi kuma suka ƙi ta ƙememe. Saboda haka ita kaɗai ke iya buɗe shafin da wani malamin makaranta ya gina kafin ya bar gari, inda wata jar ƙaguwa ke rawa, ta ce "tirilin-tin-tin," sannan ta faɗi lokacin cikar teku da janyewarsa.

Gaskiya ne tekun na ƙofar gida. Matar Isikeli, Mereoni, ta sha faɗa: "Baban Litia, kai da mutanenka ku ɗaga kai mana, ga ruwan nan a gabanku!" Ba a kula ta ba, don wa zai yarda da idonsa alhali ga ƙaguwa?

Albarkacin marigayiya ne Isikeli, wanda bai taɓa kama kifin kirki ba, ya samu wurin zama kusa da akushin yangona, abin shan gargajiya da manya ke taruwa su sha, ana miƙa masa ƙoƙo bayan mai gari. Manyan masunta kan rusuna su ce, "Yaya Isikeli, me ƙaguwa ta ce?" Shi kuma sai ya yi gyaran murya.

Ta yi jinya da haƙuri. Takan yi zafi har a ɗumama hannu da ita, cikinta ya kumbura, aka ɗaure ta da roba. Daga baya ƙaguwa ta shanye a ƙafa huɗu, tana rawa da sauran. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "tiri."

Ta bar caja guda mai lanƙwasasshen wuya, da jikanya guda, wato wani kwale-kwale da aka raɗa wa sunanta, da Isikeli. Tun ranar Laraba aka matsar da shi bakin ƙofa wajen takalma, ba wanda ya sake tambayarsa komai, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ana karɓar tabarmi da rogo da gwaza a gidan mamaciya. Kada a zo da sabuwar waya, ko a aljihu.

Za a binne ta ranar Asabar a ɗan tsibirin da ke gaban coci, wanda ake takawa da ƙafa idan ruwa ya janye. Iyali ba su san ƙarfe nawa ke nan ba. Duk wanda ya sani, don girman Allah ya raɗa wa Isikeli a kunne, ya bari shi ya sanar.