Tawada a Zanen Teburin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na zuba wa Hajiya tawada a kan farin zanen teburinta ba. Ba tuntuɓe na yi ba, ba kuma wani ne ya ture ni ba. Da hannuna na buɗe kwalbar, na yi bisimilla, na tsiyaya, har ina murmushi.

A shekarar da aka samu mulkin kai ne, lokacin dogon hutu. Babana kuku ne a wani gida a Nassarawa, muna zaune a boskwata, can bayan bishiyoyin mangwaro. Matar Baturen da Baba ya yi wa aiki ita ta nace aka sa ni a boko, wai yarinyar da za ta iya wuni tana kallon tururuwa ba za ta rasa abin yi da littafi ba. (Ta yi gaskiya game da tururuwan. Magana ce dai ba ni da ita. Ko a aji, in malama ta kira sunana sai in sunkuyar da kai.)

Da Turawan suka tattara suka koma ƙasarsu, aka ba wani babban ma'aikacin gwamnati gidan, Bahaushe, ya tare da matarsa Hajiya. Maigida yana so a bar Baba saboda baƙi masu shan shayi da cin abinci da cokali mai yatsu. Hajiya kuwa ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ƙato ya tsaya a madafar mace ba, kuma wa ya san abin da yake fita da shi ta ƙofar baya? Aka tsaya a kan Baba ya yi wata guda a gani. In aka sallame shi, ɗakin boskwata ya tafi, makarantata ma ta tafi, sai ƙauye.

"Uwata," in ji Baba (sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana), "watan nan ki zama kamar ba kya nan. Kada ki yi abin da zai sa matar nan ta san ina da 'ya."

Na ce to. Ai a wannan fannin babu wanda ya kama ƙafata.

Ana haka sai ga wani Malam Tanko a kan keke, da kwat a cikin zafin nan, da katan-katan ɗaure a baya. Wakilin wani kamfani ne mai sayar da garin sabulu da ake kira Mai Agwagwa, saboda hoton da ke jikin kwalin. Samarinsa sun gama zagaye unguwar ba su sayar da komai ba, domin sababbin matan Nassarawa ba sa fitowa, namiji kuma ba ya shiga. Shi ya sa ya koma neman 'yan mata 'yan makaranta. Ni kuma a raina na ce, in har ƙauyen za a koma, gara in tafi da ɗan wani abu a bakin zanena. Baba ya yarda, da sharaɗin kada in kusanci babban gida.

Zan faɗi alherin aikin nan, don yana da shi. Malam Tanko bai tambaye ni 'yar wace ce ni ba. Ni da 'yar akawu daga Kawaji, katan iri ɗaya aka ɗora mana, lada iri ɗaya aka yanka mana. Babu inda aka taɓa yi mini haka. Amma sauran sharuɗɗan a hankali suke fitowa, ɗaya bayan ɗaya, bayan ka riga ka ɗauki kaya. Babu lada sai katan ya ƙare ƙaƙaf. Kwalin da ya jiƙe ko ya yage, naka ne. Karen da Bature ya tafi ya bar wa mai gadi, in ya cije ka, shi ma naka ne. Shi kuwa Malam Tanko yana da rabonsa a kan kowane kwali da kowacce ta sayar, alhali yana zaune a gindin darbejiya yana cin gyaɗa.

"Kowacce a cikinku uwargijiyar kanta ce," haka yake ce mana kullum da safe, sannan ya faɗa wa kowacce layin da za ta bi da lokacin da za ta dawo.

Ya ba kowacce farin hankici da ƙaramin kwano da 'yar kwalbar tawada mai hoton agwagwa. In kin shiga gida sai ki ɗiga tawada a hankicin, ki barbaɗa gari a ruwa, ki cuɗa, ki ɗaga shi fari fat, ki ce, "Ku duba, iyayena, da idonku. Mai Agwagwa ba ya barin tabo." Iyakar maganar ke nan, kuma ita ta cece ni, domin hankicin ne yake surutun, ni nawa ɗagawa.

Kuma na iya, ba yabon kai ba. Sauran 'yan matan suna shiga kowane gida su yi ta zuba, ni kuwa sai in tsaya a bakin shinge in dubi igiyar shanya. Inda na ga tsummokaran jariri, na san akwai wanki kullum. Inda na ga fararen riguna sun fara komawa ruwan ƙasa a wuya, na san akwai matar da ake yi wa ƙorafi. Can nake shiga. Kafin a ankara na wuce kowa, har Malam Tanko ya fara nuna ni yana cewa su dubi wannan kurmar.

Akwai abin da na lura da shi tun ranar farko. Tawadar kamfani tana da wani ƙamshi da na sani, kamar na ƙaro da hayaƙi. Kuma da zarar hankicin ya taɓa ruwa take fara sakin jiki, tun garin bai narke ba. Na gani sarai. Amma na gaya wa kaina ƙarfin Mai Agwagwa ne ya kai haka, tawada na jin ƙamshinsa take gudu. (Ni ce fa ta ɗaya a darasin kimiyya a ajinmu.)

Ranar da abin ya faru, ina dawowa ta gefen shinge da katan a ka, na sunkuya ina sanɗa, sai na ji murya daga baranda.

"Ke! Mai agwagwa! Zo nan."

Hajiya ce, da matan maƙwabta sun cika barandar, sun baje tabarmi a gefen kujerun Turawa da babu wadda ta hau. Da daddare maigida zai yi manyan baƙi, an riga an shimfiɗa wa dogon teburin falo farin zanen da matar Bature ta bar wa gidan, mai ɗinkin furanni a gefe. Na durƙusa na gaishe su da muryar da ni kaina ban ji ba. Na fito da kayan aikina, na ɗiga, na cuɗa, na ɗaga. Aka yi ta salati.

Sai wata tsohuwa da suke kira Goggo, yayar uban Hajiya, ta tofar da goro ta ce, "Yo hankicinku ne, tawadarku ce, kwanonku ne. Mu ruwa kawai muka bayar. Ko ni aka ba ni waɗannan ai na yi dabo."

Aka kwashe da dariya.  Ni da ko kuka a ɓoye nake yinsa, sai na ji bakina yana cewa, "To Goggo, ku kawo zanenku. Ni kuma zan kawo tawadar makaranta, wadda ta fi wannan ƙarfi."

"Iye! Ashe tana magana."

Na ruga boskwata na ɗauko kwalbar tawadar alƙalamina, shuɗiya mai duhu. Kafin in dawo, Goggo ta sa an yaye zanen teburin an kawo.

"Goggo, ban da wannan," in ji Hajiya. "Na baƙi ne."

"Ai ba ya barin tabo. Ko ba haka kika ce ba, 'yar boko?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, a buɗe, babu mai gadi. Na dubi Hajiya na ce, "Ba ya bari, Hajiya. Na rantse."

Ban ɗiga ba ma, tsiyayawa na yi, a tsakiya, don kowa ya gani. Na tsoma a babban kwano, na barbaɗa gari, na cuɗa. Tabon da ya shiga kamar kwabo ya fito kamar faifai. Na ƙara gari. Na cuɗa. Na juye kwalin gaba ɗaya. Kumfa ta taso ta cika kwanon, ta gangaro kan siminti, shuɗiya, ta nufi tabarmar baƙi, mata suna janye ƙafa. Hannuwana suka rine har gwiwa. Kuma saboda tsoro ya kwashe mini duk wata magana sai wadda na haddace, na miƙe tsaye, na ɗaga zanen nan mai taswirar shuɗi a tsakiya, na ce da ƙarfi:

"Ku duba, iyayena, da idonku. Mai Agwagwa ba ya barin tabo."

Wata mata ta faɗi a kan ta kusa da ita. Goggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka bubbuga mata baya. Hajiya kaɗai ce ba ta yi ba. Sannan na ji wata 'yar ƙara a bayana, kacau-kacau. Baba ne a bakin ƙofar falo da farantin shayi a hannunsa.

"Kuku," in ji Hajiya, ba ta ɗaga murya ba, "ka san yarinyar nan?"

Da ya ce ta boskwatan maƙwabta ce, da babu mai ƙaryata shi. Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ya sa ya faɗi haka.

"Tawa ce, ranki ya daɗe. Ita kaɗai gare ni."

Ban san inda na samo abin da na yi bayan nan ba. Na ce a ba ni ruwa zalla a wani kwano. Na ɗiga tawadar kamfani a hankicin, na tsoma ba tare da ko ƙwayar gari ba, na cuɗa sau biyu, na ɗaga. Fari fat. Na miƙa wa Goggo kwalbar.

"Tawadar allo ce," na ce. "Irin wadda ake wankewa a sha. Hancina ya gaya mini tuntuni, na ƙi ji. Garin yana fitar da maiƙo da dauɗa, na gwada a rigar aikin Baba. Tawada ce ba ya fitarwa. Baba ya hana ni zuwa nan, Hajiya. In kora ce, ni za a kora."

Ban taɓa jera magana mai tsawon wannan ba a rayuwata, kuma duk da kumfa a goshi na yi ta.

Goggo ta shinshina kwalbar, ta lasa da ɗan yatsa, ta ce, "Wallahi har da ƙaron. Kai, mutanen birni!"

Hajiya ta tashi ta shige ciki. A daren nan baƙin maigida a kan tsuran katako suka ci abinci. Baba ya dawo bai yi mini faɗa ba, bai kuma ci tuwo ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Kashegari na mayar wa Malam Tanko sauran kayansa. Labari ya riga ni isa, don matan Nassarawa ba sa fita amma maganarsu tana tsallake shinge. Ya ce na karya masa kasuwa, kwalin da na juye nawa ne, ladan katan ɗin da bai ƙare ba kuwa in manta da shi. Na tambaye shi abu ɗaya: me ya sa bai gaya mana tawadar allo ba ce?

"Da na gaya muku, da za ku iya rantsuwa?" in ji shi. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan matan. Gidaje da yawa sun daina buɗe musu ƙofa, katan-katansu suka maƙale, 'yar akawun nan har yau ba ta amsa gaisuwata. Ba su yi wa kowa ƙarya da saninsu ba, su ma haka aka ɗora musu. Wannan ban san yadda zan gyara shi ba.

Kwanaki suka wuce babu wanda ya ce mana ku zauna ko ku tashi. Innata har ta fara ɗaure tukwane. Ranar da watan ya cika Hajiya ta aiko a kira mu, ni da Baba. Muka same ta a falo. Zanen yana kan tebur, an kai shi marina an rine shi baƙi ƙirin da shuni, yana ƙyalli, furannin gefen sun fito fiye da da.

"Kuku," ta ce, "ga makullin sito." Ta ajiye shi a kan zanen. "Mutumin da ya amsa wannan 'yar a ranar nan, ba zai ɓoye mini gwangwanin madara ba." Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma, wankin gidan nan naki ne har ki koma makaranta. Da sabulun solo. Kada in ga agwagwa ko a tafki."

Na yi wankin nan har fatar yatsuna ta saɓule, kuma ban taɓa yin aikin da na yi da ɗaga kai kamarsa ba. Baba yana nan a madafarsa, har Hajiya ta sa ya koya mata kek.

Abin da na koya kuwa ba mai yawa ba ne. In wani ya ɗora maka kaya ya ce ka je ka rantse a kansu, ka tambaye shi me ya sa shi ya zauna a inuwa. In kuma rantsuwar ta zama dole, to a fara gwadawa a gida, a bayan ɗaki, a kan tsumman da ba na kowa ba.