Jirgin Ƙasa a Kan Soso

Iya Asibi ta taso daga Kutama ta sauka a Gwarzo, gidan jikanta Abdulnasir, malamin sakandare. Ta same shi a tsakar gida ya durƙusa gaban wani faffaɗan farin soso, irin wanda ake samu a kwalin sabon firji, yana shimfiɗa wa ɗan jirgin ƙasa na wasa hanya. Ɗalibansa zai kai wa, don yawancinsu ba su taɓa ganin jirgi ba.

Ya ɗago kai. "Sannu da zuwa, Iya. Ya hanya? Ya mutanen Kutama?"

"Suna gaishe ka. An ce mini mijina ya zama malami, ashe wasan yara ya koma."

"Amarya, iya bakinki. Gaban injiniya kike."

"Injiniyan soso? Wannan ko kaza ce ta taka sai ya lotsa."

"Shi ya sa ban ce ki matso ba. Ina saƙona?"

Ta dire masa ƙullin yashi. "Ga shi. Tsofai-tsofai da ni ka sa na tankaɗe yashin rafi da rariyar tuwona. Maƙwabta sun ɗauka na fara ruɗewa."

"Ai sun daɗe da sani, kunyarki suke ji."

"Ɗan nema. Wannan ramin na jikin soson kuma fa, ɓera ne ya ci?"

"Gam ɗin masu gyaran takalmi na fara shafawa, ya narkar da soson. Ashe farin gam na kafintoci yake so."

"Ka ga, ko soso bai yarda da kai ba."

Ya shafa gam siriri, ya kwantar da zirin roba, sannan ya ɗora ƙarafan dogon a kai. Gaɓar ƙarshe ce ta rage, a kan kwana.

"Danne mini nan in kafa allurai. Idan ya goce ko kaɗan, jirgin zai kife a gaban yara."

"Sai su san irin malamin da Allah ya haɗa su da shi." Amma ta danne, har tana ɗauke numfashi.

"Da kina da nauyi, ke zan ɗora a kai har ya bushe."

"Da kana ciyar da ni, ai da na yi."

Suka jera gwangwanayen tumatir a kan dogon don su danne shi. Bayan la'asar gam ya kama. Abdulnasir ya zare alluran, ya barbaɗa yashin a gefe da gefe, ya sa batir. Jirgin ya motsa, ya ja taragunsa, ya sha kwanar nan sumul.

Iya Asibi ta daina tauna goronta. Ta durƙusa har haɓarta na kusan taɓa soson, tana bin sa da ido.

"Ikon Allah. Babu mai jan sa?"

"Babu."

"Kuma bai kauce ba. Nan wurin da na danne ne ya wuce yanzu?"

"Nan ne."

Jirgin ya sake zagayowa ta gabanta. "Kakanka Dabo ya yi ta cewa zai kai ni Kano in ga jirgi. Kullum sai bayan girbi, har Allah ya karɓi abinsa."

Abdulnasir ya sassauta murya. "Allah ya jiƙan Malam. Ni kuwa ga shi na kawo miki har gabanki. To, wa ya fi iya riƙon mace?"

Ta goge ido da bakin mayafi tana dariya, ta kwance haɓar zane ta miƙa masa farin goro.

"Kai ne, ja'iri. Karɓi. Amma kada ka kashe shi tukuna, ban gama kallo ba."