Ranar da Doki Ya Taka da Kansa

Yaya Sule ya hau babur, ya bar mini makullin ɗakinsa in share. A nan yake tara tsofaffin na'urorin darar Turawa, yana cewa wata rana su za su gina mana gida a unguwar Kalpohin.

"Ƙasa kawai za ki share, kar ki taɓa komai," in ji shi.

Ni da na gama sakandare? Na goge wadda ya fi so, har na jona ta da wuta in ga iyakarta. Ashe an ɗauke wutar. Ina cikin shara aka kawo wuta, sai na ji ƙirrr. Ɗan dokin darar da ke kan allonta yana tafiya, ba hannun kowa! Na kurma ihu, na fizgo kwalbar rubutun da innarmu take sha, na juye wa na'urar duka. Hayaƙi ya tashi.

Yaya ya dawo, ya duba ta, ya ce, "Maganaɗisu ne a ciki. Aikinta ke nan, ƙanwata."

Na'urar ba ta sake motsi ba. Yanzu ko fanka ce ta yi ƙara a layinmu na Sabonjida, sai ka ji ana tsokanata, "A kira Malama, ta taho da kwalba!"